Kwalbar da Baba Bai Binne Ba

Shekara goma sha ɗaya na yi ina jiran yayana Nicanor, kuma ba na jin kunyar faɗa. Duk wannan lokacin ina gaishe shi a hanya, ina aika wa matarsa tortiya, gurasarmu ta masara, idan ba ta da lafiya, ina zama bayansa a coci ina kallon ƙeyarsa. Shi a zatonsa na manta.

A garinmu meskal, wato barasar da muke dafawa, iri ɗaya muka sani: kan magei, wani tsiro mai kama da kabar giwa, da ya shekara goma ko fiye a tsauni, a gasa shi a rami kan duwatsu masu zafi, a daka, a bar shi ya tsimu a ganga, sannan a dafa tururinsa ya ɗiga. Wanda ya zuba sukari a tsiminsa don ya sami yawa, ɓarawo ne a wurinmu. Kifar da gangunansa ake yi a gaban jama'a, a hana shi rami shekara biyar. Mutum ɗaya taron gari yake ba ƙoƙo da bututun kara ya riƙa ɗanɗana na kowa, abin da harshensa ya ce kuma shi ke nan, babu ɗaukaka ƙara. Babanmu, Don Melitón, ya riƙe ƙoƙon nan shekara talatin. Da ƙafafunsa suka gaji da hawa tsauni sai aka miƙa wa Nicanor.

Mijina Fidencio ba ɗan garin ba ne, daga ƙetaren kogi ya zo, a hannun Baba ya koyi aiki. Mutum ne mai sanyin magana, ga shi da hannu. Wata rana Baba ya kurɓi na Nicanor, ya kurɓi na Fidencio, ya yi dariya ya ce, "Kai Nicanor, wannan baƙon fa ya wuce ɗan gida." Da wasa ya faɗa, kowa ya yi dariya. Ni kaɗai na ga yadda kunnuwan yayana suka yi ja.

Shekarar da Nicanor ya karɓi ƙoƙo, da ya zo kan na Fidencio sai ya kurɓa, ya juya shi a baki, ya tofar a ƙasa.

"Sukari," ya ce.

Ganga shida aka kifar. Magei na shekara goma sha biyu ya gangara ta tsakiyar titi, karnuka suna lasa. Fidencio yana tsaye da hularsa a hannu yana ta cewa, "Suruki, ƙara ɗanɗanawa mana. Don Allah ƙara ɗanɗanawa." Baba yana wurin, dogare da sandarsa. Na ga ya sunkuya ya tsoma yatsa cikin abin da ke gudu a ƙasa, ya kai baki. Na zuba masa ido ina jira. Ya goge yatsan a wandonsa, ya juya ya tafi gida.

Fidencio bai iya zama a garin da yara ke kiransa Mai Sukari ba. Ya tsallaka iyaka zuwa ƙasar da ke arewa da tamu aikin gona, ya tafi da ’yarmu Idalia. Shekara huɗu ya yi yana tsinkar ’ya’yan itacen wasu, sai zuciyarsa ta tsaya masa a tsakiyar gona. A can aka binne shi. Ko kabarin da zan share ban samu ba.

Bara Baba ya rasu. Bayan an gama zaman makoki sai ga kwali daga Idalia: rigar sanyi, man shafawa na gwiwa, da wata kwalbar roba cike da abu mai kauri kamar zuma. Ta waya ta ce min, "Mama, zumar magei ce, a masana'anta ake yi. Mutanen nan sun haukace a kanta, wai ta fi sukari lafiya. Ki riƙa sawa a kofi." Na lasa. Zaƙi ne zalla, mai hawa kai, amma can ƙarƙashinsa na ji magei, kamar muryar wanda ka sani daga bayan katanga. Na dama kaɗan da ruwa a kofi, maƙwabciya ta kira ni, na manta da shi a bayan murhu. Bayan kwana huɗu na tarar yana kumfa yana tsami.

Na tsaya da kofin nan a hannu ina tunani: abin da ya iya tsimuwa haka, ai za a iya dafa shi ya zama meskal.

A garinmu mace ba ta zuwa bakin rami, wai idan ta tsallaka gashin ba ya nuna. Amma wa yake kai musu abinci? Tun ina ’yar shekara takwas nake tsayawa da kwando a nesa ina kallo, babu abin da suke yi da ban haddace ba. Tukwanen ƙasar da Baba ya yi shekaru yana dafa meskal a ciki kuwa suna bayan ɗakina. Da Nicanor ya sayi na tagulla ya ce, "Chencha, kwashe tarkacen nan ki shuka furanni." Crescencia sunana, Chencha suke kirana. Na kwashe, amma ban shuka komai ba.

Na shiga motar birni, na sayo zumar nan jarka uku a shagon masu kayan burodi. Da aka tambaye ni a mota na ce alewa zan fara yi wa ’yan makaranta. Na gina murhu a kicin ɗina, na ɗora tukunya kan tukunya, na sa kaskon ruwan sanyi a sama, na liƙe bakin da tuƙar magei yadda na ga Baba yana yi.

Na farko da ya ɗiga, ko maƙiyina ba zan ba shi ba. To, ƙarya nake, zan ba shi. Ƙarfi yana da shi, amma fanko ne, kamar abin da ma'aikaciyar asibiti ke goge hannu da shi kafin allura. Babu hayaƙi, babu ƙasa, babu komai. Na biyu na turara ganga da hayaƙin itace, ya fito yana warin gidan da gobara ta ci. Na uku na ƙona tortiya na jefa ciki, kada ma a tambaye ni. Na huɗu na zubar a gindin lemo, kajina suka sha, zakara ya wuni yana tafiya a karkace yana cara da rana tsaka. Ranar ce kaɗai na yi dariya a duk wannan aikin.

Duwatsu ne suka cece ni. Idan duwatsun rami suka sha wuta sau da yawa suna tsagewa, sai a watsar da su a gefen hanya a kawo sababbi. Baƙaƙe ne ƙirin, sun sha ruwan magei na shekaru. Na riƙa ɗauko ɗaya ɗaya a ƙasan kwandona idan na dawo daga niƙa. Sai in sa su a murhu da irin itacen da ake gashi da shi har su yi ja, in kama da awartaki in jefa cikin zumar da na dama. Ƙarar da suke yi sai da na rufe taga. Na kuma roƙi tuƙar da ake zubarwa bayan an gama dahuwa, na ce taki zan yi wa kabewa, na zuba ta cikin tsimin ta kwana goma.

A karo na bakwai na tari ɗigon a ƙoƙo, na zuƙa da kara na sake shi daga sama. Kumfa ta taru ƙanana ƙanana a gefen ƙoƙon, ta tsaya ba ta fashe ba, yadda ta meskal na kirki take yi. Na shinshina: hayaƙi, jiƙaƙƙiyar ƙasa, da ƙanshin tsohuwar tukunyar Baba. Na kurɓa. 

Sai na haɗiye, na ji abin da ya rage. Meskal na gaskiya idan ya wuce yana barin wani abu a maƙogwaro, ya zauna da kai har ka kai ƙofar gida. Wannan yana wucewa sai ya ɗauke ɗif. Mutum ɗari za su sha ba su lura ba. Nicanor zai lura. Na tsane shi, amma ban taɓa cewa ba shi da harshe ba, ɗan Don Melitón ne.

Na zauna a ƙasan kicin na yi kuka, kukan haushi. Wata biyar ina shan hayaƙi don in nuna wa gari harshensa na banza ne, ga shi kuwa ba na banza ba ne. Ina cikin share majina sai tunanin ya juya min. Idan harshensa yana ji haka, to ranar Fidencio ma ya ji. Ba kuskure ya yi ba. Na daɗe da sanin haka a zuciyata, amma ban taɓa tunanin akwai hanyar da zan sa shi ya nuna da kansa ba.

Kowa a garin ya san Baba da binne kwalabe. Idan dahuwa ta yi masa daɗi sai ya cika babbar kwalbar gilashi, ya toshe da totuwar masara, ya liƙe da kakin zuma, ya ɗaure wuyan da igiyar magei da wani ƙulli nasa, ya binne bai gaya wa kowa ba. An tono biyu a gonarsa bayan rasuwarsa. Ina da kwalbarsa ɗaya wadda babu komai a ciki, ƙullin kuma a gabana ya yi shi sau ɗari. Na cika, na liƙe, na ɗaure, na binne a gindin lemona. Damina ta yi sauran aikin.

Ana gobe cikar shekarar Baba, na kira maƙwabcina ya taya ni cire wata saiwa da na ce tana fasa min katanga. Fatanyarsa ta bugi gilashi. Kafin azahar labari ya kai har ƙetaren kogi: an sami kwalbar Don Melitón ta ƙarshe, a gidan ’yarsa, daidai ranar da ake bukatarta. Tsofaffin mata suna ta yin alamar gicciye a ƙirji. Ni dai ban ce komai ba sai, "Kwalbar Baba ce." Kuma tasa ce.

Washegari bayan fada ya gama addu'a a coci, gari duka ya bi mu maƙabarta da kyandir da furanni. Nicanor da kansa ya rungumo kwalbar, sanye da farar rigarsa ta biki, bai yarda kowa ya taɓa ba. Al'ada ce ƙoƙon farko na mamaci ne. Don Tiburcio, shugaban taron gari, tsoho mai gashin baki fari, ya fasa kakin ya cika ƙoƙo ya miƙo min.

"Ke kika samo, ’yata, ke za ki ba shi."

Na tsiyaye shi a hankali a kan kabarin, daga kai har ƙafa. Ƙasa ta shanye.

Na biyu na mai ɗanɗano ne. Nicanor ya zuƙa da kara ya saki, kumfa ta tsaya, mutane suka yi ta gyaɗa kai. Ya ɗiga a tafin hannu ya murza ya shinshina, idonsa ya kawo ruwa, don tukunyar Baba ya ji, wannan ba ƙarya ba ne. Ya kurɓa. Ya haɗiye.

Na ga lokacin da abin ya ɗauke masa a maƙogwaro. Fuskarsa ta tsaya cak. Ya sake kurɓa, ya dubi ƙullin da ke wuyan kwalbar, ya dubi sunan Baba a jikin gicciye. Mutum ɗari biyu suna jira. Idan ya faɗi abin da ya ji, ya ce Don Melitón, wanda ya kifar da gangunan mutane shekara talatin, shi ma yana ha'inci a ɓoye, kuma a kan kabarinsa zai faɗa. Zufa ta keto masa a goshi. Na ji daɗin zufar nan fiye da duk abincin da na ci a shekara goma sha ɗaya.

"To, Nicanor?" in ji Don Tiburcio. "Ko ka haɗiye harshen ne tare da shi?"

Aka yi dariya kaɗan. Nicanor ya gyara murya.

"Na Baba ne," ya ce. "Magein tsaunin gabas, na kan duwatsu, wanda ya gasa shekarar da aka yi fari. Tsantsa ne. Ba za a sake yin irinsa a garin nan ba."

"Yaya, ka tabbata?" na ce. "Ƙara ɗanɗanawa mana."

Ya juyo ya dube ni. Ina jin a nan ya fara ganewa, amma ya riga ya yi nisa.

"Na ce tsantsa ne, Chencha. Yaushe mata suka fara tambayar ƙoƙo?"

Na ajiye kwandona, na ɗaga furannin da ke sama, na fito da robar da Idalia ta aiko min, da baƙin dutse guda ɗaya. Na ɗora su a kan kabarin.

"Ga tsaunin gabas," na ce, na nuna robar. "Ga ramin da aka gasa shi," na nuna dutsen. "Zumar kanti ce, jarka uku, a kicin ɗina na dafa ta cikin watan Mayu. Ko ganyen magei ɗaya ban sara ba. Jarkokin suna nan, murhun yana nan, duk mai so ya zo ya gani, zan ba shi kofi."

Maƙabartar ta rikice. Wani ya ce, "Budurwa Maryamu!" Wani daga baya ya fashe da dariya ya kasa tsayawa. Wani tsoho da Nicanor ya taɓa hana shi rami ya ɗaga murya: "Shekarar fari, in ji shi! Ashe har a kanti ana fari!"

Nicanor yana iya jure zagi, amma ba ya iya jure dariya. Na san haka tun muna yara, a kansa kuma na gina komai.

"Na sani!" ya daka tsawa. "Tun kurɓar farko na sani! Ba shi da gindi, yana wucewa yake mutuwa, kowane jaki zai ji! Kuna so in tsaya a kan kabarin ubana in ce ya zuba zaƙi? Sunansa na rufa!"

Dariyar ta mutu. Don Tiburcio ya cire hularsa ya sosa kai, ya mayar.

"Dakata, ɗana, in fahimta," ya ce a hankali. "Harshenka ya gaya maka abu ɗaya, bakinka ya gaya mana wani."

"Saboda Baba ne, Don Tiburcio."

"Na ji. Dalili mai kyau ne, ni ma da zan iya yi. Amma ƙoƙon nan ba don dalilanka muka ba ka shi ba." Ya dube ni, ya sake dubansa. "Ranar da muka kifar da gangunan mijin wannan matar, ni na riƙe ta farko da hannuna. Ranar, harshenka ne ya yi magana ko kai?"

Nicanor ya ɗaga kai. Ya duba ko'ina, duk inda ya duba mutanen da suka taya shi kifarwa ne suke kallonsa. Iska tana kaɗa wutar kyandirori. Ni kam na jira shekara goma sha ɗaya, minti ɗaya ba zai kashe ni ba.

"Babu sukari," ya ce, da ƙyar ake ji.

"Yaya, na bakin ƙofa ba su ji ba."

"Chencha, ya isa haka."

"Bai isa ba. Ranar da ƙarfi ka faɗa, har karnuka sun ji. Ka kira sunansa kuma."

Ya runtse ido. "Meskal ɗin Fidencio babu sukari a ciki. Ya fi nawa kyau. Shi ke nan laifinsa."

Don Tiburcio ya miƙa hannu. Nicanor ya ba shi ƙoƙon, ya ba shi karan. Tsohon ya naɗe su a hankicinsa ya sa a ƙarƙashin hammata, ya ce taro zai zauna ranar Lahadi. Mutane suka fara watsewa biyu biyu, babu wanda ya tsaya kusa da yayana. Wasu mazan da suka zo wucewa ta gabana sun cire hula, ba su iya haɗa ido da ni ba. Ban taimake su ba.

Ana cewa idan mutum ya rama sai ya ji zuciyarsa fanko. Ni ban ji haka ba. Na ji kamar na sauke tulun ruwa daga kai bayan doguwar tafiya, wuyana yana ciwo amma ina iya juya shi. Na tsuguna ina mayar da robar da dutsen cikin kwando, ina tunanin yadda zan gaya wa Idalia.

Mu biyu muka rage a bakin kabarin. Nicanor yana kallon inda ƙasa ta jiƙe.

"Ni na cancanta," ya ce, muryarsa a dishe. "Amma shi fa? Kin san abin da ke cikin kwalbar nan, kika zuba wa Baba a kabarinsa, ranar cikar shekararsa. Zumar kanti, Chencha. Mutumin da bai taɓa sa irin wannan a bakinsa ba."

Na gyara mayafina, na ɗauki kwandona.

"Yana wurin ranar, Yaya. Na gan shi ya tsoma yatsa ya ɗanɗana, ya kuma san abin da ya ji. Ya goge a wando ya tafi gida." Na dubi gicciyen. "Wannan ma ya sha ya yi shiru. Ya iya."